Yadda ake buɗe salansar injin yankan itace a ƙara masa ƙarfi ba tare da an buga shi ba

Masu tsaga katako da 'yan itace sun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: wane huji ake yi wa salansa inji ya ƙara gudu, kuma me ake taɓawa a cikin bulok? Ga amsar a jere. Amma ka riƙe wannan tun yanzu, huda salansa ba shi ne aikin ba, rabinsa ne. Idan hayaƙi ya samu hanyar fita, inji zai ƙara shaƙar iska, kuma dole ka ƙara masa mai daidai da iskar. Wanda ya huda bai koma kan kafireta ba, fistin ne zai biya kuɗin.

Kada ka tsallake mataki. Yawancin masu aiki tsayawa a mataki na 5 ya ishe su, sauran na mai haƙuri ne da kayan awo.

1. Tabbatar injin lafiyarsa ƙalau

Gyara ba ya tayar da inji mai ciwo, ƙarasa shi yake yi. Kwance salansa ka leƙa ta ƙofar hayaƙi, kana jan igiya a hankali fistin yana hawa yana sauka. Fuskarsa ta zama sumul, ringi yana motsi a gurbinsa. Idan ka ga zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, tsaya nan, canjin fistin ne aikinka na yau.

Auna matsi ta ramin fulogi. Inji mai lafiya yana kai wajen 150 psi, wanda ya sauko ƙasa da 120 ya gaji. Sannan ka duba ko yana shan iska ta ɓarauniyar hanya: sil ɗin kirankishaf, robar da ta haɗa kafireta da bulok, da tiyon mai. Alamarsa ita ce silo ba ya zama wuri ɗaya, ko inji ya canza murya idan ka kwantar da shi gefe. Mai famfon gwaji ya toshe ƙofar hayaƙi da ta ɓangaren kafireta ya hura 0.5 bar, allurar ta tsaya cak.

Wanke filtar iska. A lokacin hunturu ƙura na toshe ta cikin wuni ɗaya, kuma duk saitin da ka yi da toshasshiyar filta ƙarya ne, ranar da ka wanke ta man zai yi kaɗan. Sa sabon fulogi, tazarar bakinsa 0.5 mm.

Sai sarƙa. Na sha ganin mai kukan inji ba ƙarfi, ashe haƙoran sun dakushe ne, garin katako yake fitarwa kamar ƙura maimakon ɓarzajjen sassaƙe. Sarƙar .404 ana wasa ta da magagari mai kauri 5.5 mm, ta .325 da 4.8 mm. Kusurwa digiri 30 don giciye, wajen digiri 10 don tsaga. Wasa ta kafin ka zargi salansa.

2. Ɗauki lokacin yanka kafin ka taɓa komai

Nemo gungume ɗaya mai kauri iri ɗaya, na darbejiya ko turare, wanda zai ishe ka yanka goma sha biyar. Dumama inji, ka yanka faifai uku, wani yana riƙe da agogon waya. Rubuta daƙiƙoƙin. Bayan kowane mataki za ka maimaita a kan gungumen nan da sarƙar nan.

Dalili kuwa kunne maƙaryaci ne. Inji mai buɗaɗɗiyar salansa yana da ƙara, ƙarar kuma tana sa mutum ya rantse ƙarfi ya ninka, alhali wataƙila daƙiƙa ɗaya ma bai rage ba.

3. Kayan aiki da abin da za su ci

Injin huji da bakuna 4, 8, 10 da 12 mm, magagari mai zagaye, makullin T27 idan Stihl ne ko makullin alan idan tsohon Husqvarna ne, siririn sukudireba na kafireta, ma'aunin kauri mai nuna lamba, guntuwar raga ta ƙarfe marar tsatsa, falle na ƙarfe mai kauri kamar 1 mm, da na'urar ƙirga juyin inji, wato takomita.

Farashi yana bin dala, saboda haka lissafa shi ta kwatance. Aikin salansa kuɗin mai walda ne da bakin huji, bai taka kara ya karya ba. Takomita ce mai ɗan tsada, amma ba ta kai kuɗin bulok da fistin na asali ba, kuma su take karewa. Idan injinka na asali ne, sayi salansar China irin tasa ka yi gwajin a kanta, ka ajiye ta kamfani. Ka sani kuma duk garantin da ke kan sabon inji ya tashi daga ranar da ka huda.

4. Buɗe salansa

Fara da awo. Manna takarda a ƙofar hayaƙi ta jikin bulok ka goga da yatsa mai dauɗa, siffarta za ta fito. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce jimillar ramukan fita na salansa ta kai kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na faɗin wannan ƙofa.

Misali, ƙofar ta ba ka 26 mm a kwance da 14 mm a tsaye. Ka ninka su da juna, murabba'in mm 364. Kusurwoyinta a lanƙwashe suke, cire kamar kashi ɗaya cikin shida, saura wajen 300. Kashi 80 ɗinsa 240 ke nan. Rami mai faɗin 8 mm yana ba da 50, mai 10 mm 79, mai 12 mm 113, mai 14 mm 154. Idan ramin kamfani 12 mm ne, ƙarin rami ɗaya na 12 mm ya kai ka 226, ya wadatar. Ni nakan fara da 10 mm, in gwada, in ƙara idan agogo ya nuna akwai saura. Ƙarfen da ka cire ba ya komawa sai da walda.

Gargaɗi: kada ka taɓa huda salansa tana jikin inji. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya faɗa ƙofar hayaƙi ya isa ya zane fistin. Kwance ta, ka cusa tsumma mai tsabta a ƙofar.

Zaɓen wurin rami ya fi girmansa muhimmanci. Riƙe salansar a mazauninta ka duba inda hayaƙin zai dosa. Kada ya bugi hannun birkin sarƙa, ko robar murfin sama, ko tankin man sarƙa. Kada kuma ya fuskanci gaba kai tsaye idan aikinka tsaga ne, domin inji yana manne da gungume, zafin zai dawo masa ya kuma babbake ɓawon itacen. Gefen dama, ɓangaren sarƙa, yana kallon gaba a karkace, shi ne wurin da ya fi dacewa a yawancin injuna.

Buga alama da ƙusa, fara da bakin 4 mm, ka bi da manya. Goge bakin ramin da magagari har yatsa ya wuce bai kama ba.

Leƙa ciki. Wasu salansoshin suna da bango ko kwando mai ƙananan ramuka a tsakiya. Faɗaɗa waɗannan ramukan, amma kada ka cire bangon ɗungurungum idan ƙusoshin da ke riƙe salansa ta cikinsa suka bi, in ba haka ba za ta lotse idan ka ɗaure. Injunan da aka ƙera don kasuwar Amurka da Turai su ne suka fi zuwa a shaƙe saboda dokokin hayaƙi da ƙara na can, wasu har da wani abu kamar saƙar zuma a ciki mai ƙona ragowar hayaƙi, wanda ke tara zafi sosai. Irin waɗannan su suka fi nuna bambanci. Tsofaffin samfura da suka cika kasuwanninmu, irin Stihl 070 da Husqvarna 272XP, ribar da za ka samu a salansarsu ba ta kai haka ba, kada ka sa rai da yawa.

Yanzu murfin rami. Lanƙwasa fallen ƙarfen nan ya zama kamar rumfa a kan sabon ramin, bakinsa yana kallon gaba, mai walda ya like shi da waldar gas. Waldar lantarki tana huda ƙarfen salansa saboda sirantarsa. A ƙarƙashin rumfar ka sa raga. Na san da yawa suna cire ragar ma gaba ɗaya su jefar, ni ban yarda da wannan ba. Tartsatsi ɗaya a busasshiyar ciyawar rani ya isa ya cinye gonar mutum, kuma ragar da ba ta toshe ba ba ta rage wani ƙarfin kirki. Idan kunkunniya ta toshe ta, ƙona ta da wuta ka goge da burushin waya.

Wanke salansar da fetur ko kananzir, ka girgiza, ka zubar, ka maimaita har sau uku, ka hura mata iska ta bushe. Mayar da ita da gasket ɗinta da farantin da ke tare zafi. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau ɗaya, sake ɗaure ƙusoshin.

Daga yau abin toshe kunne ya zama dole. Injin kamfani ma ƙararsa ta haura desibel 100.

5. Saitin kafireta

Nan ne ake rasa inji, saboda haka zan daɗe a nan.

Sukurori uku ne. L na man ƙaramin gudu, H na man cikakken totur, na ukun kuma, LA a Stihl ko T a Husqvarna, na tsayin silo ne kawai. Kwancewa hagu ƙara mai ne, ɗaurewa dama rage mai ne. A injin da ake haɗa fetur da man 2T, rage mai rage man shafawa ne da kuma rage sanyaya fistin, duka a lokaci ɗaya.

Gargaɗi: kafin ka ja igiya karon farko bayan huji, kwance H kwata na zagaye. Gara ya tashi da mai fiye da kima.

Idan akwai hular roba a kan sukurorin da ke hana su juyawa sosai, zare ta ko ka yanke ɗan haƙorinta, domin iyakar da kamfani ya sa an yi ta ne don rufaffiyar salansa. Idan saitin ya rikice maka gaba ɗaya, ɗaure H da L a hankali har su taɓa ƙasa, ka kwance kowanne zagaye ɗaya, daga nan ka fara. A hankali na ce. Bakin allurar laushi gare shi, ka matse shi ka lalata mazauninsa.

Tanki ya kasance akwai mai fiye da rabi, ƙarfen sarƙa da sarƙar suna ɗaure, filta a wanke. Bar inji ya yi minti biyar yana aiki ya ɗauki zafi.

Fara da L. Ɗaure shi kaɗan-kaɗan, za ka ji silo yana hawa, sannan ya fara neman mutuwa. Dawo da shi har inda ya fi gudu, ka ƙara kwancewa kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye. Danna totur farat ɗaya. Idan ya yi jinkiri kamar zai shaƙe kafin ya ɗauka, man L ya yi kaɗan. Idan ya ɗauka da nauyi da hayaƙi, ya yi yawa. Sai ka daidaita silo da sukuru na uku har sarƙa ta tsaya cak, wajen juyi 2,700 zuwa 2,800 a minti a yawancin injuna. Injin da sarƙarsa ke tafiya a silo ba a shiga daji da shi.

Sai H. Danna totur har ƙarshe ba tare da sarƙa tana cin itace ba, daƙiƙa biyu zuwa uku kacal. Muryar da kake nema mai ɗan gargada ce, "burrr" kamar yana tuntuɓe. Sa shi a itace, da zarar ya ɗauki nauyi muryar ta washe ta zama ɗaya. Ɗaga shi kaɗan daga yankan, gargadar ta dawo. Wannan shi ne saiti. Idan a sama yana ƙara siririya mai tsini, ba gargada ko kaɗan, man ya yi kaɗan, saki totur nan take ka kwance H. Abin takaicin shi ne a wannan muryar inji ya fi daɗin ji, kuma a nan yake narkar da fistin.

Takomita tana raba gardama. Husqvarna 372XP da Stihl MS 660 iyakarsu juyi 13,500 a minti, naka ka duba littafinsa. Ni ina tsayawa ƙasa da iyakar da kamar 300 zuwa 500. Akwai injunan da kwayil ɗinsu ke yanke wuta idan an kai iyaka, yankewar kuma tana kama da gargadar da na faɗa, har mutum ya ɗauka mai ya isa. A irinsu ka kwance H sosai gudu ya sauko ƙasa da iyakar, sannan ka ɗaure a hankali kana kallon lamba.

Mai tsaga katako, wannan naka ne. Giciye daƙiƙoƙi ne inji ya huta. Tsaga gungumen maɗaci ko ƙirya kuwa mintoci ne totur a danne, a zafin bazara. Ƙara kwance H kashi ɗaya cikin takwas bayan ka samu saitin. Za ka sha mai kaɗan fiye da da, injinka zai ga baɗi. Wani mai 070 ya taɓa kawo mini nasa ya buga, ya cire filafilin da ke ƙarƙashin murfin igiya mai hana shi wuce gudunsa, ya kuma ɗaure H don ya ji yana kuka kamar ƙananan injuna. Shi 070 mai cc 106 ne, an yi shi don ja da ƙarfi a ƙaramin gudu. Garin neman gira ya rasa ido. Bar wannan filafilin inda ka gan shi.

Saiti kuma ba na har abada ba ne. Iska mai sanyi ta fi nauyi, don haka saitin da ka yi da azahar a watan Afrilu zai yi ƙarancin mai da asubar hunturu. Wanda ya saita a tudun Jos ko Mambila ya sauko ƙasa, shi ma ya ƙara mai. Sukudireban ya zauna a aljihunka.

Injunan da ke da M-Tronic na Stihl ko AutoTune na Husqvarna ba su da H da L, su suke saita kansu. Bayan huji ka ba su yanka masu tsawo a babban gungume su daidaita, kuma kada ka wuce gona da iri wajen faɗin rami.

Batun haɗin mai: 50:1 shi ne 20 ml a lita ɗaya, 40:1 kuma 25 ml. Injin da aka buɗe ina ba shi 40:1 da man 2T mai kyau. Idan littafin injinka ya ce 25:1, kamar yawancin na China, wato 40 ml, bi shi. Baƙin man mota ba ya shiga wannan tanki, fetur ɗin 'yan bumburutu da ba ka san da me aka gauraya shi ba shi ma haka. Duk ranar da ka canza yawan haɗin, sake duba H.

Koma kan gungumenka ka ɗauki lokaci. Bayan tanki biyu cire fulogi: ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa daidai ne, fari fat ƙarancin mai, baƙi mai danshi mai ya yi yawa.

6. Rage tazarar kan fistin

Daga nan an shiga cikin inji. Tsakanin gefen kan fistin da rufin bulok akwai 'yar tazara, kamfani yakan bar ta da faɗi. Rage ta yana ƙara matsi, matsi kuma shi ne ƙarfin ja a cikin itace.

Nemo wayar dalma ta masu gyaran rediyo, mai kauri kamar 1.5 mm. Lanƙwasa bakinta, ka zura ta ramin fulogi har ta taɓa bangon bulok, a saitin fil ɗin fistin, wato ta ɓangaren kuloci ko na fulawil, domin ta gaba da baya fistin yana rangaji ya ba ka awon ƙarya. Juya fulawil da hannu fistin ya matse ta, ka zaro ka auna. Yi haka a ɓangarorin biyu, ka ɗauki ƙaramar lambar.

Abin da ake nema 0.5 mm. Cire bulok ka auna gasket ɗin gindinsa. Idan dalma ta ba ka 1.0 gasket kuma 0.5 ne, cire shi ka shafa gam mai jure fetur irin Dirko ko ThreeBond 1184, shafa siririya. Idan dalma ta ba ka 0.8, cire gasket zai bar 0.3, fistin zai daki rufi idan ya yi zafi. A nan sai ka yanka sabon gasket daga takarda mai kauri 0.2 ko 0.3.

Gargaɗi: gam ɗin silikon na gilashi narkewa yake a fetur, inji ya fara shan iska. Ɗaure ƙusoshin bulok a giciye, kaɗan-kaɗan, ka sake awon dalma, ka bar gam ya kwana kafin ka tayar.

Ƙananan injuna irin Stihl MS 170, 180 da 250 ƙirarsu daban ce, ba su da wannan gasket ɗin. Tsallake matakin.

7. Gaggauta wuta

Don fulogi ya riƙa ba da wuta da wuri kaɗan, ana goge ɗan makullin da ke riƙe fulawil a kan kirankishaf kamar 0.5 mm, a juya fulawil ɗin ta inda yake juyawa idan inji na aiki, wato hagu idan kana kallonsa ta ɓangaren igiya, a ɗaure. Wanke mazaunin ya bushe ƙayau, shi ke riƙewa ba makullin ba. Tazarar kwayil da fulawil 0.3 mm.

Gaskiya ban cika ba mutanenmu shawarar wannan ba. Yana ƙara zafi, yana sa igiya ta fizge hannu wajen tayarwa, kuma da fetur marar kyau ribar ba ta kai haɗarin ba.

8. Faɗaɗa ƙofofin bulok

Idan ka kai nan, koyi a kan mataccen bulok tukuna. Faɗi ake ƙarawa, ba tsawo ba. Shafa baƙar maka a jikin fistin, ka mayar da bulok, ka zana iyakar ƙofar a jikinsa da allura don ka ga saura nawa. Bar aƙalla 2 mm na jikin fistin yana rufe kowane gefe, faɗin ƙofar hayaƙi kada ya wuce kashi 65 cikin 100 na faɗin bulok, kuma ka duba inda bakin ringi yake, kada ya faɗo saitin ƙofa.

Rufin ƙofar ya zauna da ɗan lanƙwasarsa. Ka miƙar da shi, ringi zai maƙale ya karye. Ka ɗaga shi sama kuma, gudu zai ƙaru ƙarfin ja ya ragu, gyaran gangar Abzinawa ke nan ga mai tsaga katako. Cikin bulok yana da wani siririn rufi mai tauri, ka riƙa gogewa daga ciki zuwa waje don kada ya ɓantare, sannan ka dakusar da kaifin bakin ƙofar da sanfefa mai laushi har farce ya wuce bai tsaya ba. Wanke da ruwan sabulu mai ɗumi, ka busar, ka shafa man 2T kafin haɗawa.

Duk wanda ka yi cikin matakai ukun nan na ƙarshe, koma mataki na 5 ka sake saitin daga farko, sannan gungume da agogo. Bayan tanki biyar kwance salansa ka sake leƙa fuskar fistin. Idan ka ga ko da zane ɗaya ne ya fara fitowa ta ɓangaren hayaƙi, kwance H kwata, ka sake gwajin shan iska kafin ka koma daji.